Yadda Baƙin Mai Ya Cinye Mini Sarƙar Keke

Keken da nake hawa yanzu na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Raleigh ne baƙi, wanda mutanenmu ke ce wa Rali, irin mai birkin ƙarfe da faffaɗar kariya a baya. Ya yi shekaru a rataye a ɗakin da muke ajiye garma da buhunan taki, ba wanda ya waiwaye shi sai gizo-gizo. Ni ma ban tuna da shi ba sai a 2023, da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Wanda ya san albashin malamin firamare ba sai na yi masa dogon bayani ba. Na jingine babur, na sauko da keke.

Daga ƙauyenmu zuwa makarantar da nake koyarwa, a ƙasar Taura, kilomita 8 ne. Biyu daga ciki kwalta ne, sauran kuwa turɓaya ce da yashi. Ba a banza aka sa wa jihar nan suna Jigawa ba.

Ranar da na sauko da shi, sarƙar ta yi jawur da tsatsa, in ka juya feda sai ta riƙa kuka kamar ƙyauren gwangwani. Na yi abin da kowa ke yi a nan: na je wurin yaron da ke gyara mini babur, ya cika mini gorar ruwa da baƙin man da ya juye daga injin wani, kyauta. Na dawo gida na kwarara wa sarƙar nan har yana ɗiga ƙasa. Kuka ya ɗauke nan take. Na ce shi ke nan, na gama da wannan. Duk sati kuma sai na ƙara mata, ina ganin gata nake yi mata.

Uwargida ce ta fara ƙorafi, don ita ke fama da ƙafar wandona ta dama. Wata Juma'a na hau da farar shadda, kafin in isa masallaci ta yi zane baƙi daga idon sawu zuwa ƙwauri. Ta ce, "Malam, ko dai ka bar keken nan ko ka riƙa wankinka da kanka." Na yi dariya na wuce. Da hunturu ya shigo sai abin ya bar wando ya koma kan keken kansa. Sarƙar ta yi kauri, ta zama kamar an kwaɓa ta da toka. Sai ta fara faɗuwa. In na shiga yashi na danna feda da ƙarfi, sai in ji ɓarat, ƙafata ta tafi a banza. Wata Lahadi ina dawowa daga kasuwar Gujungu da rabin buhun gero a kariya, sau huɗu ina sauka ina mayar da ita, hannuna baƙi ƙirin, ga yara masu kiwo sun tsaya suna kallon malaminsu.

Washegari na tura shi wurin Baba mai gyaran keke, wanda ke zama a gindin darbejiya kusa da tasha. Tun ina yaro yake wurin, shi ya riƙa yi wa mahaifina faci. Bai ce komai ba da farko. Ya lakato baƙin da ke jikin sarƙar da yatsa, ya shafa mini a tafin hannu, ya ce in murza. Na murza, na ji ƙuras-ƙuras.

Ya ce, "Me ka ji?"

Na ce, "Yashi, Baba."

Ya ce, "To Malam, ai ba mai kake ba ta ba. Dutsen niƙa ka haɗa mata, kullum kana niƙa ta kilomita goma sha shida."

Daga nan ya kama sarƙar a gaban babban faifan da feda ke juyawa, ya ja ta. Ta ɗago har ina hango haske tsakaninta da haƙoran. Ya ce sarƙa mai lafiya ba ta ɗagowa haka. Ya sa ƙusa da guduma ya fasa gaɓa ɗaya, ya zube mini kayan cikinta a kan buhu. Shekarata arba'in da ɗoriya, ban taɓa sanin abin da ke cikin gaɓar sarƙa ba. Akwai 'yan faifan ƙarfe na gefe, na ciki da na waje, akwai ɗan fil da ya ratsa su, akwai kuma ɗan zobe da ke juyawa a tsakiya, shi ne ke zama kan haƙori. Ya nuna mini fil ɗin: ya cinye ta gefe ɗaya, ya yi ƙugu kamar turmi. Duk gogayyar sarƙa a can ciki take, tsakanin fil da abin da ke juyawa a kansa. Can ne kawai ake buƙatar mai. Wanda ya zauna a waje ba ya aikin komai sai kamo ƙura, ƙurar kuma ta bi shi ta shige ciki. Yashi ya fi ƙarfen sarƙa tauri, shi ya sa ƙarfen ne ke cinyewa, ba yashin ba.

Da na koma gida halin malanta ya motsa, na ɗauko rula. Daga fil zuwa fil na sarƙar keke rabin inci ne, wato milimita 12.7, ko Raleigh ne na Ingila, ko Phoenix na Sin, ko Hero na Indiya. Saboda haka in ka ɗora farkon rula a tsakiyar wani fil, sarƙa na a miƙe, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wani fil ɗin in sabuwa ce. In fil ɗin ya gota da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. In ya kai kashi ɗaya cikin 8, ta riga ta ci haƙoran da take hawa. Tawa ta wuce haka. Muna cewa sarƙa ta miƙe, amma ba miƙewa take yi kamar roba ba, kowace gaɓa ce ke ɗan sakwarkwacewa, su taru su ba da tsawo. Haƙoran firiwil ɗina, wato ƙaramin faifan da ke tayar baya, sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙayar sarƙaƙiya, kuma Baba ya ce in na ɗora sabuwar sarƙa a kansu tsalle za ta riƙa yi. Dole na sayi duka biyun. Man kyauta ya ci mini kuɗin da ya kusa cika tankin babur. Araha ba ta ado.

To da wane mai za a shafa? Nan ne na daɗe ina gwaje-gwaje, kuma har yau muna musu da abokan aikina a ofishin hedimasta.

Baƙin man da aka juye daga inji na sallame shi. Tun kafin ya taɓa sarƙarka yana ɗauke da ƙunar inji da ɓurɓushin ƙarfe, ga kama ƙura. Sabon man inji wanda ba a yi aiki da shi ba daban ne, zan dawo kansa. Giris na boris ne, na cikin cibiyar taya da wurin da feda ke juyawa. Ya yi kauri da yawa, ba ya iya kutsawa cikin gaɓa, sai ya tsaya a waje ya zama tarkon yashi. Kananzir wanki yake yi, ba ya zama. Haka ma na fesawar nan WD-40 da ake gani a shagunan kayan gyara: yana da kyau wurin kwance abin da ya yi tsatsa, amma ya yi ruwa-ruwa, ba ya daɗewa a sarƙa.

Man gyaɗa kuwa, ɗana na fari ne ya gwada mana shi a ƙaramin kekensa, ya ɗebo daga kicin ba da sanin uwarsa ba. Kwana uku keken ya yi lumui. Bayan sati biyu man ya daskare ya yi danƙo kamar ƙaro, sai da muka jiƙa sarƙar a kananzir. Kiyashi ma sun samu wurin biki. Man girki haka yake, iska da zafi na sa shi ya yi danƙo, ko na gyaɗa ne ko manja.

Abin da ya karɓe ni da rani da hunturu shi ne man keken ɗinki. Uwargida na da keken ɗinki Butterfly, da 'yar robar mansa mai dogon baki. Fari ne, marar nauyi, yana shigewa ciki da sauri, kuma ba ya kwasar ƙura sosai in an goge shi. Aibinsa ɗaya: ba ya jimiri. Ruwan sama ɗaya ya wanke shi. Saboda haka da damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da hanyarmu ke cika da kududdufai, sai in koma sabon man inji, wanda nake ragewa a gindin galan in an yi wa babur juye. Ya fi kauri, ruwa ba ya saurin tafiya da shi. Ƙanena da ke zaune a Kano ya taɓa kawo mini wanda aka yi musamman don sarƙar keke, sai na ga su ma masu yin sa kashi biyu suka raba shi, na lokacin bushewa da na lokacin ruwa. Yana da kyau, ba zan ɓata shi ba, amma ba abin da zan shiga mota in je nema ba ne.

Na kuma gwada kyandir, don na ji masu tseren keke a Turai da kaki suke yi. Na cire sarƙar na wanke ta tas da kananzir, na shanya ta har ta bushe, na narkar da kyandir uku a gwangwanin tumatir da na ɗora cikin tukunyar ruwan zafi, ba kan wuta tsirara ba, don kaki na kamawa da wuta. Na tsoma ta, na jujjuya, na rataye. Gaskiya ban taɓa ganin sarƙa mai tsabta irin wannan ba, ka kama ta da hannu ka ci tuwo. Ƙura ba ta samun wurin zama. Sai dai aiki ne na yini guda, kuma in akwai ragowar mai a ciki kakin ba ya kamawa. Sau biyu na yi na haƙura.

Yadda nake shafawa yanzu ba wuya. Da daddare nake yi, bayan sallar isha'i, ba da safe ina shirin fita ba, don man ya samu daren shigewa. Ina kafa keken a kan ƙafarsa, in kama sarƙar da tsumma ina juya feda baya har baƙin ya ragu. In ta yi datti sosai, tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir, sannan in bar ta ta bushe. Daga nan in nemi gaɓar da ke da makulli, a nan nake farawa don in san inda zan tsaya. Ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, ta cikin sarƙar, a layin ƙasa, gefen da ke taɓa haƙora. Tawa gaɓa 112 ce, na ƙirga, kuma duka ba sa shan cokalin shayi. Da damina da sirinji marar allura nake ɗiga man injin. In juya feda kamar sau ashirin, in tafi in kwanta. Da asuba in sake ɗaukar tsumma in goge ta, in goge, in ƙara gogewa, har sai in na shafa yatsa da ƙyar zai yi maiƙo. Wannan gugar ta safe ita ce mutane ba sa yi. In suka gan ni sai su ce, Malam ka zuba kuma kana kwashewa? Eh, na wajen nake kwashewa.

Abu biyu da na koya da jikina. Kada ɗigo ya faɗa kan ƙarfen taya inda birki ke kamawa, na taɓa shiga garken tumaki saboda haka. Sannan in ka cire makullin sarƙa, wurin mayarwa rufaffen kansa ne ke kallon inda sarƙar ke tafiya, in ka juya shi wata rana za ka neme shi a hanya.

Ba ni da ranar shafawa. In na ji ta fara tsuwwa kamar 'yan tsaki, ko ruwa ya dake mu, daren nan za ta sha. Tsumma kuwa da hunturu kusan kullum ne, yana ɗaure a ƙarƙashin sirdi. Sarƙar da Baba ya ɗora mini ta ga hunturu biyu, kuma rula ta ce da sauranta.

Abin da ke ci mini rai shi ne, keken nan da murfinsa ya zo, irin wanda ke rufe sarƙa ruf, ba ƙura ba ruwa. Da shi mahaifina ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ringim da ƙauye, ban taɓa ganin ya canja sarƙa ba. Ni ne na kwance shi ina ɗan sakandare, wai yana ƙara kuma yana sa keke ya yi kama da na tsofaffi. Ban san inda na jefar da shi ba. Baba ya ce in riƙa leƙa wurin masu gwangwan a Gujungu, wani lokaci akan dace. Lahadi uku ke nan ina zagayawa ban samu ba. A ta ƙarshen dai na sayo robar man keken ɗinki guda biyu, don uwargida ta fara ɗaura wa tata zare daidai inda man ya tsaya.