Masu bincike kan daidaituwar bugu, kar ku tsaya kan r kaɗai

Ƙannena masu karatun fiziks da lissafi a nan Kano, musamman wanda aka ba shi bincike kan abubuwa masu kai-komo da ke daidaita bugu da juna, don Allah ku ba ni aron kunnenku.

Tushen lissafin na Kuramoto ne, wani ɗan Japan, tun 1975. Ka tara abubuwa kowanne da nasa saurin, ka haɗa su, in ƙarfin haɗin ya wuce wani mizani sai su fara tafiya tare. Akwai lambar da ake aunawa, r, daga 0 zuwa 1, in ta kai 1 kowa ya bi sahu. To ni a nawa binciken ita kaɗai na sa wa ido. Alhali tsarina irin wanda igiyoyin haɗin, wato ƙarfin alaƙar kowane biyu, su ma canzawa suke ne, biyu in suna tafiya tare alaƙarsu ta ƙaru, in sun saɓa ta ragu har ta koma tunkuɗe juna, kusan abin da Hebb, masanin halayyar ɗan Adam, ya faɗa a 1949 kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kwamfuta ta ba ni r kusan 0, na rubuta babu daidaito, na kai wa malamina babi guda a kan haka. Ya ce koma ka zana kowanne ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ina zanawa sai ga su sun rabu gida biyu, kowane gida kansa a haɗe, suna karɓa-karɓa kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya, kuma da yake yawansu ya zo kusan ɗaya sai wannan ya soke wancan a lissafi, r ta faɗi ƙasa. Agoguna biyu da Huygens, masanin kimiyya ɗan Holand, ya rataye a katako guda a 1665 ma haka suka daidaita, lilon wannan na dama na wancan na hagu.

Saboda haka ku ninka kusurwar kowanne, wato inda ya kai a zagayen bugunsa, sau biyu ku sake auna r, gida biyun nan zai ba ku 1. Ku jera jadawalin igiyoyin gida-gida ku kalle shi da idonku, nan ne za ku ga rukunai masu sauri daban-daban, ko yanayin da Kuramoto da abokin aikinsa Battogtokh suka gano a 2002, wani sashe a tare wani a watse duk da iri ɗaya ne.

Sai gaggawa. Igiyoyin a hankali suke canzawa, nesa ba kusa ba da saurin bugun, ni kuma tsoron ɗauke wuta ya sa nake tsayar da lissafin da wuri in ɗauka ya zauna, ashe tafiya yake. Ku sa shi ya riƙa ajiye inda ya kai, in wuta ta dawo ku ɗora. Kuma ku canza mafari, wato yanayin da kuke fara lissafin da shi, sau da yawa, don lambobi iri ɗaya kan ba da sakamako daban, kowane mafari ku rubuta shi kusa da hotonsa.