Yadda ake haɗa ƙarin fitilun gaba a mota ba tare da ƙona waya ba

Yawancin motocin da ake kawo wa mai rewaya da narkakkiyar waya bayan an saka musu ƙarin fitila, ciwonsu ɗaya ne: an feɗe wayar fitilar gaba an jona sababbin a kanta kai tsaye. Waccan waya kamfani ya auna ta ne daidai nauyin ƙwan da motar ta zo da su. Ƙwan halojin biyu masu wat 55 kowanne suna jan kusan amfiya 9 a mota mai bolt 12. Ka ɗora wannan a kan siririyar waya, makunnin da ke jikin sitiyari ne zai fara ɗaukar zafi, daga nan sai wari.

Maganin shi ne rile, ɗan akwatin nan mai ƙafa huɗu da ke ɗauko wa fitilun wuta daga batir, makunni kuma aikinsa kunna rilen kawai. Nemi mai amfiya 30 ko 40, da fiyus na amfiya 15 da gidansa, da waya mai kauri milimita 2.5 ta ɗaukar wuta, da siririya ta makunni. Idan ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kankare bakin wayar da wuƙa kafin ka biya. Idan ta yi fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, bar musu kayansu. Tirela kuma bolt 24 take, rile da ƙwan duka sai na 24.

Fara cire kan batir na nagetif. Lambobin suna rubuce a ƙasan rilen. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta daga fositif ɗin batir, ta cikin fiyus, kuma fiyus ɗin ya zauna dab da batir, kada ya wuce taƙi guda. In ka kai shi can kusa da fitila, duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da mai tsaro. Ta goga a ƙarfe ta huje, gobara ce. Ƙafa ta 87 ta tafi wurin fitilun. Ta 85 ta tafi bodi, wato ƙarfen jikin mota, wanda shi ne nagetif. Ta 86 ta bi ta makunninka zuwa wayar ful, domin da ka sauke zuwa dim ƙarin fitilun su mutu da kansu. Duk wanda ya taɓa haɗuwa da mai dogon LED a hanyar Kano zuwa Zariya da daddare ya san amfanin wannan.

Ga inda masu Toyota ke shan wahala. A Hilux da Land Cruiser da dama masu ƙwan H4, wato mai dim da ful a ƙwai ɗaya, makunni ba fositif yake yankewa ba, nagetif yake yankewa. Idan ka yi haɗin da na faɗa a sama, sai ka ga fitilun sun kama a dim, sun mutu a ful. Rilen lafiyarsa ƙalau. Soket ɗin ƙwan yana da ƙafa uku: ta dim, ta ful, da wadda suka yi tarayya a kanta. Gwada da mitar auna bolt. Idan ta tarayyar ce ke nuna bolt 12, cire 85 daga bodi ka kai ta wayar ful, 86 kuma ta ɗauko daga ta tarayyar ta cikin makunni.

Wurin ɗaure nagetif a bodi, goge fenti har ƙarfe ya fito fes, ka sa zobe ka matse da noti. Fitila mai lumshewa ko mai ƙyafta ido a gargada, nan ne za ka fara dubawa. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin salatif ba ya jure zafin inji. A matse da kan waya ko a yi soda. Wayar makunni ta shiga cikin mota ta ramin da ke da roba, kuma a ɗaure komai nesa da salansa da fankar lagireto. Rilen ya zauna ƙafafunsa na kallon ƙasa, saboda ruwan damina da na masu wankin inji.

Ni dai ban ga hikimar ɗora fitila a saman rufi ba a ƙasar da ake hunturu. Hasken yana dukan ƙura da bonet ya dawo idon direba. A bamba ta fi aiki. Bayan ka gama, tsaya a fili madaidaici ka haska bango daga nesa kaɗan, ka saita tsakiyar hasken kada ya wuce tsayin fitilar kanta daga ƙasa, sannan ka ƙara matse notinan bayan tafiyar farko, don jijjiga tana sassauta su.