Tukunyar Inna ta koma wuta

Muna tsakiyar girkin walima a Unguwar Sanusi, nan Kaduna, yarinyar da ke taya ni aiki ta ce, "Anti, ji wutar nan tana cuwi-cuwi." Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin murhu, sai ga ruwan shinkafa yana ɗiga a kan garwashi. Babbar tukunyata ce ta huje, mai cin mudu goma sha biyar, wadda na gada wurin Inna. Sau biyu ana liƙe ta, amma wannan karon gindin ya siɗe har ya koma kamar takarda. Muka raba shinkafar tukunya biyu, Allah ya rufa asiri abinci ya fita a kan kari.

Ranar Litinin na ɗora ta a Keke Napep tare da buhu biyu na gwangwanin lemo da na maltina. Duk bikin da na yi wa girki nakan sa yara su tsince su bayan an watse, in tara a bayan kicin. Muka nufi kasuwar Tsohuwar Panteka, nan kusa da Poli, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna.

Wanda bai taɓa shiga Panteka ba zai fara jin ta ne kafin ya gan ta. Guduma ta ko'ina, ƙarar injin yankan ƙarfe, walƙiyar masu walda. A layi ɗaya za ka ga an fasa tsohuwar durom an fitar da murhun gawayi, gaba kaɗan an mai da sifirin ɗin mota gatari da fartanya, can kuma wani ya haɗa injin markaɗe daga ƙarafan da ba su taɓa sanin juna ba. Ni wurin masu zubin tukwane na dosa, rumfar wani dattijo da Inna ta saba da shi tun ina 'yar firamare.

Ya juya tukunyar ya ƙwanƙwasa gindinta da ɗan yatsa. "'Yata, wannan ta gama nata. Amma naman jikinta yana nan, ba abin da ya same shi."

Na zauna a benci na kalli aikin tun daga farko. Yaransa suka kawo akwatin katako mai gida biyu, suka kifa wata lafiyayyar tukunya daidai girman tawa, suka cika cikinta da bayanta da ƙasa mai danshi, baƙa wuluk saboda yawan shan wuta. Suna zubawa suna kirɓawa da guntun taɓarya har ta daskare. Sannan aka buɗe akwatin a hankali, aka zare tukunyar, sai gurbinta ya rage a cikin ƙasa, har da kunnuwa. A gefe wani yaro yana juya wilin keke da aka haɗa da mafici, iska tana shiga ramin gawayi. An riga an farfasa tukunyar Inna da guduma, kuma wallahi da aka kai mata bugun farko sai da na kawar da kai. A cikinta aka dafa abincin aurena.

Kafin a fara zuba ƙarafa a kasko na ga wani yaro ya jawo buhu, ciki da fistin na mota, da guntayen lagireto, da wasu tarkacen da ban tsaya tantancewa ba. Na ce, "Baba, don Allah kada a sa min waɗannan."

Ya ce, "Gwangwani zalla ba ya gudu a ƙasa, 'yata. Ba shi da auki kuma, rabi duk datti ne da fenti. Sai an sa masa kayan inji yake kwanciya ya cika ko'ina."

Gaskiya ya faɗa, shekara da shekaru yana sana'arsa. Ni ma ina da dalilina. Mu nan mun saba cewa tukunyar dalma, alhali alminiyam ce. Dalma ta ainihi wani ƙarfe ne daban, mai nauyi, wanda ke cikin batirin mota da abin da ake liƙe lagireto da kayan lantarki da shi, kuma guba ce. Ita tana narkewa tun a zafin digiri 327, alminiyam sai ya kai 660, saboda haka in guntunta ya faɗa kasko ta riga ta bi jiki, babu mai iya tsamo ta. Wake ɗaya ke ɓata gari. Daga nan duk abin da aka dafa mai tsami, miyar tumatir ko yakuwa ko zoɓo ko kunun tsamiya, yana jawo ta kaɗan-kaɗan ta shiga abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da za a kira ba komai, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi taɓawa. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta tukunya ba ta kisa nan take irin wannan, a hankali take ɓarnarta. Ni kuwa abin da na dafa ɗaruruwan mutane ke ci, yara su ne masu siɗe kwano.

Muka daidaita. Ya aika yaro layin masu haɗa tagogin alminiyam ya sayo ragowar yanke-yanken da suke tarawa a buhu, farare tas, aka haɗa da gwangwanina da tsohuwar tukunya. Na ƙara kuɗi a kan abin da muka yi tsada da farko, ban kuma ji ciwon haka ba. Da ƙarfen ya narke ya zama kamar ruwan azurfa, ya kwashe dattin sama da ludayin ƙarfe, mutum biyu suka ɗauki kaskon da dogayen awartaki suka tsiyaya ta ƙofar da aka bari a saman akwatin. Tururi ya tashi. Ba a daɗe ba aka fasa ƙasa, ga tukunya tana hayaƙi, sai gyaran baki da zarto.

Da na dawo gida ina ba ƙanena labari, shi da ke karatun injiniya a Poli, ya ce abin da na gani yana da suna a littattafansu, wato tattalin arzikin da kaya ke zagayawa ya dawo maimakon a haƙo, a ƙera, a yi amfani, a yar. Shi ya fahimtar da ni darajar gwangwanin da nake tarawa. Kafin a sami tan ɗaya na sabon alminiyam sai an haƙo wajen tan 4 na jar ƙasar da ake tace shi daga ciki, sannan a sha wutar lantarki mai ɗimbin yawa. Narkar da tsoho kuwa kashi 5 cikin 100 kawai na wannan makamashin yake ci, kuma ƙarfen ba ya gajiya komai yawan narkarwa. Ƙasar nan ta gina katafaren kamfanin alminiyam a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom, ya fara aiki a 1997, amma shekarun da ya yi a tsaye sun fi waɗanda ya yi yana aiki. A duk tsawon lokacin nan tukwanen gidajen Arewa ba su yanke ba, daga bola suke fitowa.

Ni wannan ba baƙon abu ba ne a wurina, don a Kakuri na girma. Mahaifinmu ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun da ke can, lokacin da jiniyar canjin aiki ke tashi titi ya cika da kekuna. Kaduna Textiles ta fara saƙa a 1957 zamanin Sardauna, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga Nortex. Abin da na fi tunawa shi ne yadda ba a zubar da komai na auduga. Tun daga injin gurza a Funtua ko Zariya ake ware angurya, a matse mai, ƙulin ya tafi wurin masu kiwon shanu. Tarkacen zare da burbushin auduga masu katifa da matashi ke saye. Guntayen atamfa kuwa a kilo ake sayar da su, da su Inna ta ɗinka mana kayan sawa na gida da zanen goyo, abin da ya rage ya zama tsumman goge-goge na makanikai. Da aka rufe Kaduna Textiles a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, ba ma'aikata kaɗai suka shiga uku ba. Duk waɗannan ƙananan sana'o'i da ke ci daga gefen masaƙa sun tafi tare da ita, su kuwa ba wanda ya ƙirga su.

Ƙanen nawa ya ba ni labarin wani ƙaramin gari a ƙasar Danmak mai suna Kalundborg. Tun 1972 matatar man garin ta fara tura iskar gas ɗin da take ƙonawa a banza zuwa kamfanin allunan silin da ke maƙwabtaka da ita. Daga baya tashar lantarki ta riƙa ba kamfanin magani na Novo Nordisk tururi ta bututu, tokarta kuma masu siminti su kwashe. Ina saurarensa ina lissafa namu: masaƙu a Kakuri, Peugeot da ta fara haɗa motoci a 1975, matatar mai da aka buɗe a 1980, duk a kudancin gari, kusa da juna. Abin da mai taga da mai zubin tukunya suka yi a gabana ranar Litinin, buhu ɗaya daga wannan layi zuwa wancan, shi ne dai abin, sai dai nasu da bututu da yarjejeniya a rubuce. Yau manyan motoci ke kwashe ƙarafanmu daga wurin 'yan gwangwan zuwa Legas da Ogun, a narkar a can, a dawo mana da su rodi mu saya da tsada.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ke ɓata wa sana'ar suna ba. A layinmu an wayi gari an ɗauke murfin kwalbati, maƙwabciyata kuma an cire mata kan famfo har sau biyu. Irin wannan ta sa a farkon 2025 hukumomin Abuja suka hana 'yan jari-bola yawo a cikin birni, suka rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Na fahimci fushin, amma ban ga hikimar kashe kasuwa ba. Yaron da ke tura kura cikin rana yana tsince gwangwani daga kwata ba shi ne ɓarawo ba, kuma ba don shi ba da magudanan Tudun Wada sun fi haka toshewa da damina. Mai sayen da ya ga murfin kwalbati ko wayar lantarki ya ɗora a sikeli bai tambaya ba, shi ya kamata a riƙe.

Abin da nake roƙo bai kai gina kamfani ba. Akwai wata na'ura ta hannu da ake haska ƙarfe da ita, cikin daƙiƙu ta faɗi abin da ke cikinsa, har da dalma. Poli tana nan jikin kasuwar, hedikwatar hukumar ilimin fasaha ta ƙasa ma a Kaduna take, kuma an riga an fara ba masu sana'ar Panteka horo da takardar shaida. A ajiye irin na'urar nan ko guda ɗaya a hannun ƙungiyar masu zubi, a ware ƙarfen tukunya daban da na turmin inji da murhu, a buga hatimi a kunnen duk tukunyar da aka gwada. Ni da sauran masu girkin biki za mu biya ƙarin, iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki ma za su biya in sun san dalili. A sama wa yaran da ke kan kasko takalmi da abin rufe hanci, don wanda ya juya min wilin keke silifas ne a ƙafarsa, hayaƙin fenti yana bugun fuskarsa.

Sabuwar tukunyar ta fi ta da kauri a gindi. Na goge ta da toka da soson ƙarfe, na tafasa ruwa a ciki sau biyu na zubar, na shafe ta da man gyaɗa kamar yadda Inna ke yi. Baba ya sa yaro ya zana min alama a kunnenta don kada ta ɓace a gidan biki. Ranar Asabar ina da ɗaurin aure a Unguwar Rimi, shinkafa mudu talatin, na kuma riga na ce wa yara su zo da buhu.