Godiya bayan zaman addu'ar manoman Joda

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, zaman da muka yi a garin Kosti na Sudan ya tashi lafiya, kuma sai yau gajiya ta sake ni har na iya zama in yi godiya.

Na fara da malaman da suka sauke Alƙur'ani tun bayan la'asar. Allah Ya saka da alheri. Iyayenmu mata da suka wuni a gindin murhu suna tuƙa asida, a wannan tsadar da ko gawayi sai an yi lissafi, ban san da wane baki zan gode muku ba. Samarin da suka yi ta jigilar tabarmi, da wanda ya riƙe fitilar waya kusan awa guda bayan an ɗauke wuta, Allah Ya yi muku albarka.

Amma Baba, kai ne ka riƙe zaman. Da yawa daga cikin yaranmu ba su taɓa jin abin da ya faru a Fabrairun 1956 ba, ƙasa da wata biyu bayan Sudan ta samu 'yanci, Isma'il al-Azhari yana firaminista. Manoman auduga na gonar Joda, a bakin Farin Nilu, suka ce ba za su miƙa audugarsu ba sai an yi musu lissafi an biya su haƙƙinsu, domin mai gona ke ɗaukar kaso mafi tsoka, kuma littafin lissafin yana hannunsa. Aka turo 'yan sanda, jini ya zuba, aka kwaso mutane aka cusa su a ɗaki guda a barikin Kosti, aka rufe ƙofa. Kafin gari ya waye kusan mutum 200 sun mutu saboda rashin iska da ƙishirwa. Da ka kai nan a labarin ka yi shiru, mu ma babu wanda ya motsa.

Akwai waɗanda suka ja ni gefe kafin ranar, suka ce in bar wannan magana, ai ta 'yan gurguzu ce. Na gode da nasihar, har zuciya. Gaskiya ne 'yan shuyu'iyya, wato 'yan gurguzun, sun yi aiki cikin ƙungiyoyin manoma, Shaikh al-Amin Muhammad al-Amin da ya shugabanci manoman auduga na yankin Jazira ma nasu ne, kuma sun sha wuya: majalisa ta haramta jam'iyyarsu a 1965, shugaban ƙasa Numeiri ya rataye jagororinsu Abdulkhaliƙ Mahjub da Shafi' Ahmad al-Shaikh a Yulin 1971. Ni ba ɗan jam'iyyar kowa ba ne. Sai dai mutanen da suka shaƙe a ɗakin nan kuɗin guminsu suka tambaya, kuma kakanninmu Hausawa da suka yi ta tsinkar auduga a ƙasar nan, da yawansu ko hawasha (yankin gonar da ake ba manomi) ba su da ita, a kambo (sansanin 'yan ƙwadago) suke kwana, sun san wannan lissafin da ba ya ƙarewa.

'Yan'uwa da suka bugo waya daga Mai Wurno da Kano, saƙonku ya iso. Waɗanda na manta ban gayyata ba, ku yafe ni, laifina ne. Manyan tukwane biyu da muka aro suna nan gida a wanke, gobe bayan azahar zan kawo su da kaina.