Waya, gwangwani da jela ta shida

Shekara uku ke nan ina koyar da darasin garkuwar jiki ga ɗaliban kiwon lafiya a nan Damagaram, kuma kullum a wuri ɗaya nake rasa su: yadda ƙwayar jikin mutum ke gane bakteriya ta shigo. Nakan ce musu kamar kwaɗo ne da makulli, su rubuta, mu wuce. Bana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in makullin a waje yake tsayawa, wa ke kai labari ciki?" Na yi ta bayani, amma fuskokinsu sun nuna ba su gamsu ba. Abin ya kwana a raina.

Washegari na shiga kasuwar Dole na sayo waya mai kauri da ƴar tabarma, na tsinto gwangwanayen tumatir biyu. Niyyata in ƙera TLR4, ɗaya daga cikin furotin goma irinsa da ɗan Adam ke da su, masu gadi a jikin ƙwayoyinmu. TLR4 ɗin nan ne masanin kimiyya Bruce Beutler ya nuna a 1998 cewa yana gane LPS, wani sinadari mai maiƙo da ke bayan bakteriya irin su E. coli, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2011.

Na lanƙwasa wayar kamar buɗaɗɗiyar munduwa, don haka ɓangarensa na waje yake. Na soka ƙafarta ta ratsa tabarmar, wato fatar ƙwayar, na manna curin laka a ƙarshenta ta ƙasa. Curin nan shi ne TIR, mai magana da cikin gida. Guda ɗaya na fara yi, kuma nan kuskurena na shekara uku ya fito fili. Duk yadda na taɓa munduwar ta sama, lakar ƙasa ba abin da ya same ta.

Sai na koma ga hoton tsarin da masana a Koriya ta Kudu suka fitar a 2009, na zuba masa ido sosai. Ashe TLR4 ɗin biyu ne, sun haɗa baya kamar harafin m. Kowanne yana rungume da wani ƙaramin furotin mai aljihu, MD-2, shi na yi da gwangwani. LPS na E. coli jela shida gare shi. Biyar na shigewa aljihun, ta shida ba ta samun wuri, sai ta kwanta a baki ta manne wa TLR4 na biyu. Na yi jelunan da igiyar kaba.

A aji na ba ɗalibar nan ta ja da hannunta. Jela ta shida na kamo waya ta biyu, sai curin laka biyu suka gwabzu a ƙarƙashin tabarma, har ɗaya ya tsage. Haɗuwar nan ita ce labarin. Ita ke kiran MyD88, wani furotin ɗan aike a cikin ƙwayar, saƙo ya bi hannu zuwa hannu har wani furotin mai suna NF-κB ya shiga cibiyar ƙwaya, a fara sakin sinadaran da ke kawo zazzaɓi da kumburi. Ba abin da ya ratsa fata.

Wani ɗalibi ya ce, "In aka rage jelar fa, Malam?" Muka yanke biyu. Huɗun duk suka shige gwangwani, babu ta kamu, wayoyin suka tsaya nesa da juna. Haka kuwa yake a jikin mutum: mai jela huɗu yana toshe aljihun ne ba tare da tayar da garkuwa ba. Wannan ya ba ni hanyar gaya musu cewa a cikin allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta RTS,S akwai MPL, wani nau'in LPS da aka cire wa ɓangare ɗaya mai suna fosfet don ya farkar da TLR4 a hankali. Yawancinsu wata rana su za su riƙa yi wa yara allurar nan.

Lakar ba ta jure zafin ajinmu, ta farfashe cikin sati ɗaya. Na ba wani mai walda a Zango ya maye min gurbinta da noti biyu.