Idanun Nok da hikimar da ke cikin hudarsu

Mafi yawan Hausawan Legas da na sani, waɗanda suka taɓa shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, motar marigayi Janar Murtala Muhammad ce ta kai su. Baƙar Marsandi ce, wadda aka harbe shi a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan, kuma har yau ramukan harsasai suna nan a jikinta. Mutum yakan tsaya a gabanta jikinsa a sanyaye, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya fito ya nufi Obalende neman danfo. Ba na ganin laifin kowa a kan haka, sai dai ina jin takaicin yadda muke wuce wasu kayan da su ma daga Arewa suka zo, waɗanda suka girmi motar nan da fiye da shekara 2,000.

Ina nufin kawunan gasasshen yumɓu da ake kira kayan Nok. Sunan na wani ƙauye ne a ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a 1928. A 1943 wani ma'aikacin haƙar kuza a yankin Jama'a ya tsinci wani kai, ya kai shi gonarsa ta doya ya ɗora wa mutum-mutumi don tsorata masu ɓarna. Daga can ne kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, a Jos, shi kuwa ya lura da kamanninsa da abin da aka tono a Nok tun farko, ya fahimci cewa aikin al'umma guda ne. Wannan kai na Jama'a yana cikin manyan kayan da gidan tarihin Legas, wanda aka kafa a 1957, yake alfahari da su.

Duk wanda ya ƙura wa kan Nok ido, idanunsa ne za su fara riƙe shi. Ba zagayayyu ba ne kamar namu, masu kusurwa uku ne ko kuma rabin da'ira, gefen sama a miƙe, na ƙasa a lanƙwashe, ga gira ta yi baka a bisansu. A tsakiyar kowane ido, inda ƙwayar take, an huda rami har ya ɓulla ciki. Haka ma ƙofofin hanci da kunnuwa, sau da yawa har da baki. Saboda duhun da ke bayan ramin, sai ka ga kamar kan yana dubanka duk inda ka koma, alhali kuwa babu fenti ko dutsen ado ko ɗaya a wurin. Gashin kai ma ba a yi masa aikin ganin dama ba, akwai kitso da tukkaye da doka iri-iri, an fitar da kowane layi a tsanake, kuma kan yakan kai kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na tsawon jikin duka.

Na nuna hoton kan nan na Jama'a a waya ga wata dattijuwa maƙwabciyarmu a Agege, wadda ta yi ginin tukwane a ƙuruciyarta a ƙasar Zazzau. Na ce, "Inna, me kike gani a nan?" Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da fuskarta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, wanda ya gina wannan ya san wuta. In ba ka bar wa yumɓu ƙofar numfashi ba, a cikin wutar zai fashe maka."

Abin da ta faɗa shi ne abin da masana da yawa suke faɗa da dogon bayani. Kawunan nan ba cushe suke ba, cikinsu fayau ne, an gina su ne da murɗaɗɗen yumɓu hawa-hawa kamar yadda ake gina randa. Komai bushewar yumɓu akwai sauran danshi a cikinsa, kuma idan ruwa ya zama tururi yakan kumbura har kusan ninki 1,700 na girmansa. Idan tururin da iskar da ta yi zafi ba su sami mafita ba, sai su tarwatsa aikin makonni cikin ƙiftawar ido. Maginin Nok ya san dole ne ya huda aikinsa, sai ya zaɓi ya yi hudar a daidai wuraren da Allah ya riga ya huda ɗan Adam, ta yadda abin da larura ta tilasta masa ya koma shi ne ran fuskar. A ganina nan ne gwanintar take, kuma ta fi kitson da kwalliyar duka burge ni. Ya kuma cakuɗa yumɓun da dakakken dutse domin ya jure zafi, shi ya sa jikin kayan yake da kaushi a yau, bayan sumul ɗin da aka shafe su da shi ya zaizaye a cikin ƙasa.

Akwai huda a kawunan tagulla na Ife ma, waɗanda aka tono a 1938 ana haƙa harsashin gida, amma tasu ƙanana ce, jere a gefen gashi da kewayen baki, kuma ana ganin ta maƙala kambi ko ado ce. Wannan wata sana'ar ce daban, ta narka ƙarfe, kuma ta zo ne ƙarnoni masu yawa bayan Nok.

Na san abin da ke sa wasu daga cikinmu ɗari-ɗari. Wani abokina mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya ce mini shi ba ya zuwa kallon gumaka. Ina girmama tsoronsa, domin daga kishin addini ya fito. Amma bauta daban, duba aikin mutanen da suka gabata don sanin yadda suka rayu daban. Kuma abin da binciken ya fito da shi ya shafe mu kai tsaye. Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, suka yi shekaru suna tono a yankin tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya. Sun gano cewa al'ummar ta faro ne tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa gero ne babban abincinta, har da wake, kuma wani bincike da aka wallafa a 2021 ya sami alamun kakin zuma a cikin kusan kashi ɗaya bisa uku na tukwanen da aka gwada. A Taruga, kusa da Abuja, an sami matoyar da suke narka tama su fitar da ƙarfe. Mutanen da suke noma gero, suke cin zuma, suke ƙira, ba baƙi ba ne a wurin Bahaushe.

Masanan sun kuma lura cewa yawancin kayan a farfashe aka same su, an tara gutsattsarin an binne a ramuka da gangan, ba haɗari ne ya fasa su ba. Irin wannan sani ba ya samuwa sai an tarar da abu a inda masu shi suka ajiye shi, tare da gawayin da ke gefensa wanda ake auna shekaru da shi. Shi ya sa ɓarnar masu tonon sata take yi mini ciwo ƙwarai. Daga shekarun 1990 an yi ta farke wuraren nan ana fitar da kayan zuwa kasuwannin Turai, har ta kai a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya kayan Nok cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada kowa ya saya. Mai tonon yakan ɗauki kan kawai, ya watsar da gawayin da fasassun tukwanen, a ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, dillalin da ke ƙetare kuwa ya sayar da shi da tsadar gaske.