Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sunan da Ya Shiga Kwamfutar Liyon

A makon jiya mun tsaya a inda na bar Fas da takardar digirina ta shari'a, na sauka Kasablanka ba ni da kowa sai wani ɗan zawiyya da ya ba ni katifa a ɗakinsa. Aikin da na samu daga baya a ofishin lauyan da kowa ke kira Ustaz, Turanci ne ya ba ni shi. Lauyoyin garin Larabci da Faransanci ne a bakinsu, ni kuwa Bakano ne, na taso da Turancin makaranta da Larabcin zaure. Duk takardar da ta shigo daga Landan ko ƙasashen Tekun Fasha, teburina take sauka.

A watan Afrilu na 2022 aka sake buɗe zirga-zirgar jiragen ruwa tsakanin Maroko da Sifaniya, bayan shekara biyu a rufe saboda korona da kuma tsamin dangantakar gwamnatocin biyu. Da bazara ta yi, jama'a suka yi ta tsallakawa kamar an saki ƙofar gari. A cikin wannan tururuwa ne wata tsohuwa ta hawo benenmu, surukarta na riƙe da hannunta. Ɗanta ya hau jirgi a tashar Tanja don ya je ganin ƙanwarsa da ta haihu, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. A tashar Aljesiras ta Sifaniya ɗan sanda ya ɗora fasfonsa a kan na'ura, ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce ya koma gefe. Daga nan sai waya ɗaya da aka bari ya yi wa matarsa.

Mutumin ɗan kwangilar gini ne. Ya yi shekaru a wata ƙasar Tekun Fasha, shi da abokin kasuwancinsa suka ci bashin banki, bankin ya karɓi cek a hannunsa wanda ya sa wa hannu amma bai rubuta adadi ko kwanan wata ba, a matsayin jingina. Haka ake yi a can, kowa ya sani. Kasuwa ta juya baya, masu ba su aiki suka daina biya, ya tattara nasa ya nasa ya dawo gida. Bankin ya cike cek ɗin, ya kai, ba kuɗi a asusu, aka yi shari'a a bayan idonsa aka yanke masa ɗauri. Shi kuwa yana unguwarsu yana sayar da tayil, bai san wainar da ake toyawa ba.

Tsohuwar ta kwance wani ƙullin hankici a kan teburin Ustaz. Ɗamarar zinare ce irin wadda amaren Maroko ke ɗaurawa a kan kaftani, ta aurenta, har ƙugiyarta ta lanƙwashe don tsufa. Ta ce wani dillali ya zo har gida, ya ce yana da mutum a Rabat da zai goge sunan ɗanta daga kwamfuta cikin mako guda, ta zo ne ta ji ko ta sayar.

Ustaz ya naɗe hankicin da kansa ya mayar mata. "Hajja, Allah ya ƙara miki lafiya, mayar da kayanki akwati. Ba Rabat ce ta rubuta sunan ba, ba kuwa Rabat ce za ta goge shi ba."

Gaskiya ya faɗa mata. Sunan ɗanta a kwamfutar Interpol yake, hukumar haɗin gwiwar 'yan sandan duniya, saboda wancan hukuncin na cek. Ita kuwa Interpol ba ta da ɗan sanda ko ɗaya da ke kama mutane. Hedikwatarta tana Liyon a Faransa, kowace ƙasa cikin mambobinta, su 195 a lokacin, tana da ofishinta na cikin gida, na Maroko yana Rabat ƙarƙashin babbar hukumar 'yan sandan ƙasar. Ƙasa ce ke neman a fitar da jar sanarwa a kan mutum, wato shelar cewa ana nemansa a kama, Liyon ta duba ta watsa, sannan kowace ƙasa ta yi abin da dokarta ta ce in ya faɗo hannunta. Mafi yawan sanarwar ba a sa su a shafin intanet na hukumar, don haka wanda ya duba bai ga hotonsa ba, kada ya yi saurin yanka rago. Masu iya cire sunan biyu ne kacal: ƙasar da ta sa shi, ko ita Interpol ɗin.

Da suka fita Ustaz ya sa aka kawo shayi, ya ce in zauna. Ya ce yaƙi biyu ne a gabanmu, ɗaya a Madrid don a ceci jikin mutumin, ɗaya a Liyon don a ceci sunansa, kuma cin na farko ba ya nufin an ci na biyu.

Na Madrid ba namu ba ne, sai da muka nemi wata lauya a can. A Sifaniya kotu ɗaya ce ke sauraron duk batun miƙa mutum ga wata ƙasa, Audiencia Nacional, bisa dokar 1985. Alƙali ya ƙi ba da beli, ya ce baƙo ne, ba shi da gida a ƙasar, zai iya gudu. Amma dokar ta ba ƙasar da ke nema kwana 40 ta aiko da cikakkun takardu ta hanyar jakadanci, in ba su zo ba a sake shi. Lauyar ta shirya makamai biyu ko da sun zo. Na farko, sai laifin ya zama laifi a ƙasashen biyu, ita kuwa Sifaniya ta cire bayar da cek marar kuɗi daga kundin laifukanta tun 1995. Na biyu, hukuncin da aka yanke a bayan idon mutum, sai an ba da tabbacin za a sake shari'ar yana tsaye da lauyansa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a Maroko kanta, sashe na 316 na dokar kasuwanci a lokacin yana ɗaure mai irin wannan cek shekara ɗaya zuwa biyar, har wanda ya karɓi cek a matsayin jingina da saninsa bai tsira ba. Wato dokar Turawan da suka kama shi ta fi ta gidansu sassauci a kan abin da ake tuhumarsa.

Na Liyon shi ne nawa. Akwai wani kwamiti mai zaman kansa da ke sa ido a kan bayanan da Interpol ke riƙe da su, ana kiransa CCF. Ba a biyan ko sisi, ba a kuma zuwa a tsaya gabansu a yi ta zuba, takarda ce ke magana, da Larabci ko Turanci ko Faransanci ko Sifaniyanci. Tun gyaran da ya fara aiki a 2017, hukuncinsu ya zama dole a kan hukumar, an kuma ɗibar musu wata tara su yanke hukunci a kan neman gogewa, daga ranar da suka ce ƙorafin ya cika sharuɗɗa. Mutane sun fi sanin sashe na 3 na kundin Interpol, wanda ya hana ta tsoma hannu a lamarin siyasa, soja, addini ko launin fata. Mu ba nan muka dosa ba. Namu yana sashe na 83 na ƙa'idojin sarrafa bayanai, inda aka ce jar sanarwa ta babban laifi ce, ba a fitar da ita a kan rigimar da ta taso daga hulɗar mutum da mutum. Shi ya sa a takardar da aka nuna wa lauyarmu ta Madrid ba a ambaci bashi ba. Zamba aka rubuta.

Matar ta kawo mana jakar leda cike da takardun mijinta, wasu sun sha danshi sun manne. Na shimfiɗa su a ƙasa saboda tebur ya yi kaɗan. A cikinsu na samu yarjejeniyar bashin, da wani layi a shafi na ƙarshe inda bankin da kansa ya rubuta cewa ya karɓi cek a matsayin jingina. Na samu rasit na biyan wata-wata na fiye da shekara biyu. Wanda ya shigo da niyyar damfara ba ya zama ya yi ta biya har aljihunsa ya ƙare. Sai kuma hoton cek ɗin da wani lauya ya aiko daga can Tekun Fasha: sa hannun da shuɗin biro ne, ya karkace irin na mai sauri, adadin kuɗin da kwanan watan kuwa baƙin rubutu ne tsaf na wani hannu dabam. Na ɗauko tsohon fasfonsa da aka huda, na bi hatiman shafi bayan shafi har na kai ga na fitarsa ta ƙarshe. Ranar da aka rubuta a cek ɗin, mutumin ya yi watanni a Kasablanka. Sammacin kotu ma shagon kamfanin aka kai shi, wanda aka riga aka garƙame.

Na kai wa Ustaz rubutun farko mai tsawo, har da maganar uwa tsohuwa da 'ya'ya ƙanana. Ya ɗauki jan biro ya soke rabinsa. "Ɗana, waɗannan mutanen ba su tambaye ka ko mutumin kirki ne ba. Ba su ma tambaye ka ko ya ci bashin ba. Nuna musu wace ƙa'idarsu aka taka, ka sa lambar takardar da ke tabbatarwa, ka yi shiru."

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu ba za su so ba. Mutumin ya ci bashi, bai gama biya ba, kuma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa don an tsallaka teku. Na kuma ga fayil a ofishin nan na waɗanda jar sanarwa ta dace da su ɗari bisa ɗari, masu safarar ƙwaya da masu jini a hannu, har akwai wanda Ustaz ya ƙi karɓa. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa. In kowane banki zai mai da 'yan sandan duniya 'yan karɓar bashinsa, to rabin 'yan kasuwar Kantin Kwari ba su isa su je Guwanzu ba.

Akwai abin da ya riƙa damuna a waɗannan makonni, wanda ban faɗa wa Ustaz ba. Sashe na 721 na dokar shari'ar laifuka ta Maroko ya hana a miƙa ɗan ƙasa ga wata ƙasa. Ana iya gurfanar da shi a gida in an kawo ƙara, amma ba a tasa ƙeyarsa waje. Da mutumin nan bai hau jirgi ba, da yana nan yana auna tayil. Haɗarin ɗan Maroko a waje yake. Ko Ali Aarrass, ɗan Beljiyam mai asalin Maroko, Sifaniya ce ta miƙa shi ga Rabat a Disamba 2010 duk da kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a dakata, bai fito daga kurkuku ba sai Afrilu 2020. Haɗarin baƙo kuwa a cikin ƙasar yake. A daidai lokacin da nake jera rasit, Idris Hasan, ɗan ƙabilar Uigur da aka kama a filin jirgin Kasablanka a Yuli 2021 bisa buƙatar Sin, yana cika shekara a gidan yarin Tiflet. Interpol ta soke sanarwarsa tun Agustan 2021, amma a Disamba kotun ƙoli ta Rabat ta amince a miƙa shi. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da azabtarwa ne ya sa aka dakata, kuma sai a Fabrairu 2025 aka sake shi ya tafi Amurka. Ni da katin zama nake yawo a aljihu, mai ƙarewa a sabunta. Sashen da nake karanta wa Hajja don hankalinta ya kwanta, ni bai san da ni ba. Tun daga lokacin na daina sa hannu a matsayin shaida ko mai tsaya wa wani a takardar da ban karanta ba, har wasu 'yan uwanmu ɗalibai suka ce na yi girman kai.

Kwana 40 suka cika, takardu ba su iso Madrid ba. Aka sake shi. Ustaz ya ce ya dawo kai tsaye, kada a saya masa tikitin da zai yada zango ko'ina, domin sakin Sifaniya a Sifaniya kawai yake aiki, sunan yana nan a kwamfutar kowace iyaka.

Bayan kwana biyu suka zo godiya da tire na kaab el ghazal, wani kayan zaƙi na Maroko, shi ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hajja ta ce ta yi alwashi tun ranar da aka kama shi, in Allah ya dawo mata da shi, shi zai kai ta Umra a watan Maulidi. Ta riga ta yi magana da kamfanin tafiya.

Ustaz ya ajiye kofinsa. Ya ce ƙasashen Larabawa suna da yarjejeniyar Riyad ta 1983 a tsakaninsu kan miƙa waɗanda ake nema, ƙasashen Tekun Fasha kuma suna da tasu ta tsaro da ta fi wannan sauri. "A Madrid mun samu alƙali da kwana 40. A can, Hajja, ban yi miki alkawarin ko lauya zai gan shi ba kafin a sa shi a jirgi."

"To alwashin fa, Ustaz?"

"Ki tambayi malamai. Ni dai ba zai fita ko nan da Sabta, garin Sifaniya da ke bakin iyakarmu, ba sai Liyon ta amsa."

Ta juyo ta dube ni, don ta san na yi karatun zaure. Na ce mata abin da na sani, cewa alwashin da bai yiwu ba saboda tsoron halaka ana jinkirta shi, ta kuma je ta ji daga bakin limaminsu. Ba ta ce komai ba. Ɗan ne ya yi magana, ya ce ƙanensa ya kai ta, shi zai biya. Ta ce ba da ƙanensa ta yi wa Allah alkawari ba.

Wasiƙar CCF ta zo bayan 'yan makonni, shafi ɗaya, ta ce ƙorafin ya cika sharuɗɗa, za su tuntuɓi ƙasar da ta nemi sanarwar. Ba a yi kwana goma ba wayar ofis ta yi ƙara, lambar waje, wani mai Larabcin Tekun Fasha ya ce shi lauyan bankin ne, yana so a yi maganar sulhu. Ustaz ba ya nan, ni na ɗauka. Abin da ya nema, da yadda Hajja ta sake kwance hankicinta ba da saninmu ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.